Ranar da Zanen Inna Ya Fito Kore

Ina ɗan shekara bakwai Inna ta aike ni marina da farin zanenta, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta. Kakana ne marinin. Har yau hancina bai manta warin ramin nan ba, ganyen baba da toka sun jiƙu sun yi tsami.

Ya ce, "Zo nan, mai ƙwace mini mata, yau kai za ka tsoma."

Na yi bisimilla na tsoma. Da na ɗago, sai ga zane kore kamar gansakuka. Na fashe da kuka.

"Kaka, na ɓata wa Inna zane! Ba ta da wani."

Ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Ɗaga shi sama, ka bar shi ya sha iska."

Na ɗaga. A hankali koren ya riƙa juyewa shuɗi, tun daga gefe har tsakiya.

Yanzu an cike ramukan, gero ake shukawa a wurin. Allah ya jiƙan Kaka. In na bi ta gonar nakan tsaya in ja numfashi, ko warin zai dawo.