Guruf ɗin 'Yan Aji Ɗaya

Bayan la'asar Badaru ya iske Aina'u a bakin gonar gyaɗarsu. Ko zama bai yi ba.

"Na ce ki fita daga guruf ɗin wasaf ɗin nan na jami'a. Rabinsu maza ne. Bayan girbi magabatana za su zo gidanku, ba na son surutu."

Ta ɗago ta dube shi, ta sake sunkuyar da kai. Watanta uku ke nan da fara karatu, ta zo gida hutu.

"Yaya Badaru, ka tuna ranar da na faɗi gwajin farko?" Ta miƙa masa wayarta. "Duba."

Ya karɓa da tsaki. Saƙonta ne na ranar a sama cikin guruf ɗin: ta gaji, turancin malamai ya fi ƙarfinta, gobe za ta kwashe kayanta. A ƙasa amsoshi ne birjik. Wata Falta ta ce su riƙa bita tare kullum bayan azahar. Wani ya turo hotunan littafinsa shafi-shafi.

"Ranar kai ma na kira ka ina kuka. Cewa ka yi in dawo gida, dama karatun ba dole ba ne." Ta karɓi wayarta. "Ina sonka, Allah shaida. Amma ba zan fita ba."

"To ni me kike so in yi? Sakandare ma ban ƙarasa ba!"

"Ka ce min in koma makaranta. Shi kaɗai nake jira daga bakinka."

Ya daɗe yana kallon kunyoyin gyaɗa. Har aka kira magariba bai faɗa ba.