Daga Yola zuwa Ƙofar Zaure

Kana ta ce mini hanya ce ta hana ka zuwa gida. To, gyara zama ka ji na wani mai gyaran keken ɗinki, mutumin Kazaure, da ya yi shekara goma sha ɗaya a Yola bai leƙa garinsu ba. Yana saurayi ya goya ƙanensa a babur, yana gudun a-san-da-ni, suka zube a wata kwana. Shi ya tashi da ƙurjewa a gwiwa, ƙanen kuwa sai da aka yanke masa ƙafa. Ba a ma sallame shi daga asibiti ba wan ya shiga mota ya bar gari. Tun daga ranar, ko ƙarar babur ya ji a bayansa sai gumi ya keto masa. Keken da ya yarda ya taka shi ne na ɗinki, tunda shi ba ya zuwa ko'ina. Kowace salla yakan aika wa mahaifiyarsa atamfa ta hannun direbobi, ya ce a gaya mata tsoron hanya ne ya riƙe shi. Ya yi ta faɗa har shi ma ya yarda.

Rannan direba ya dawo masa da atamfar ko warware ta ba a yi ba. Tsohuwa ta ce zani tana da shi, ɗanta ne babu, kuma idonta ya fara hazo, in yana so ta gan shi ya hanzarta. Daga nan zama ya gagare shi. Ya kwance keken mutane ya rasa yadda zai mayar, ya shiga shago ya fito, ya sa abinci a gaba ya tashi ya bar shi. Ƙarshe ya ce abin da ya kayar da shi, shi ne zai kai shi gida. Ya sayi tsohon babur da hular kwano, ya yi wata guda yana koyo a filin ƙwallo kamar wanda bai taɓa hawa ba, sannan wata safiya ta damina ya ɗaure jakarsa a baya ya kama hanya shi kaɗai.

A gadar Numan ya rage wuta, ya haye ta a hankali kamar mai tafiya a ƙasa. Duk tirelar da ta taho sai ya gangara gefen titi ya tsaya yana salati, ta wuce, ya sake hawa. Kafin Kaltungo ruwa ya jiƙa shi sharkaf, bai fake ba, don ya san in ya sauka ba zai sake hawa ba. Ya kwana a Gombe, ko in ce ya yi juyi a kan tabarma. Washegari sai ya ga abin ya fara sakin sa. A Darazo ya daina ba manyan motoci hanya tun daga nesa, a Birnin Kudu ya wuce motar shanu, a Wudil har da 'yar waƙarsa. Ya kutsa cunkoson Kano ya fita yana jin kansa namiji, yana cewa ai shi da tsoro sun yi hannun riga.

Da la'asar ya shiga lungunsu. Ga zauren nan yadda ya bar shi, ga ƙanensa a bakin ƙofa ya yi gemu, yana ɗinkin hula, sandarsa jingine da bango. Abin da ya rage kawai ya kashe babur ya yi sallama. Sai ya ji hannunsa ya ƙara wuta, ya wuce. Ya zaga ta bayan masallaci ya dawo, ya sake wucewa, yana gode wa hular kwanon da ta rufe masa fuska. Mutumin da ya keto jihohi biyar ya kasa taku uku! A zagayen nan ne ya gane ba titi ya yi shekaru yana gudu ba, idon ƙanensa ne, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

A zagaye na huɗu ƙanen ya ɗaga sanda ya tare lungu. Ya ce, "Yaya, kashe ka shigo, kana ƙona mai a banza. Tun a na biyu Inna ta sa aka dama fura. Ta ce wannan ba baƙo ba ne, baƙo tambaya yake yi."

Ya kashe, ya cire hular. Ƙafafun da suka riƙe shi tun daga Yola suka ƙi ɗaukarsa, sai da mai ƙafa ɗaya ya miƙo masa hannu. Sallamar da ya yi ma ba ta fita ba, daga cikin gida tsohuwa ta ce a gaya masa ya sake, ba ta ji ba.

Kai ma ka daina ɗora wa hanya laifi. Masu iya magana sun riga sun raba gardama: tsoro na daji, kunya na gida.