Baƙin Man da Ya Kashe Kwandon Goggo

Goggo mai jatan lande ta ɗago kwandonta daga rafi, sai wari ya buge ta. Duk kamun da ta tara, wanda takan bari cikin ruwa da ransa har ranar kasuwa, ya mutu ya yi fari fat. Katantanwa sun hangame, ƙaguwoyi sun yi rigingine a gaɓa. Da wannan kwandon take ci da jikokinta marayu.

Can saman rafin akwai inda ake jiƙa turakun wutar lantarki cikin baƙin man kwalta don kada gara ta ci su. Ana gobe abin zai faru, ma'aikatan suka wanke gangunan man, suka saki ruwan ya gangaro.

Goggo ta ɗauki kwandon ta dire shi gaban mai wurin.

Ya toshe hanci. "Haba Goggo, ruwan nan garau yake. Ga kifi can ƙasa yana wasa."

"Kifi gudu ya yi, ɗan nan. Katantanwa fa, babur gare ta?"

Ya sa maigadi ya raka ta waje. Mara kunya!

Allah ya saka wa wata baiwar Allah da alheri, ma'aikaciyar gwajin ruwa, wadda ta saba sayen jatan lande a wurinta. Da ta ga tiren Goggo wayam, ba ta tsaya a "Allah sarki" ba. Ta tuɓe takalma ta shiga rafin. Ta cika kwalba ɗaya da ruwan da bai iso wurin turakun ba, ɗaya da wanda ya wuce shi, ta zuba 'yan ƙwarin ruwa masu rai a kowace.

Washegari na kwalbar farko suna ta tsalle. Na ɗayar duk sun kwanta a gindi.

"Mama, ko ɗan kaɗan ne man nan ya narke a ruwa, ƙananan halittu ba sa kai labari," in ji ma'aikaciyar. "Ido ba ya gani, amma su suna ji."

Goggo ta riƙe hannunta. "'Yata, kin wanke ni. Har an fara cewa tsufa ne ya sa na ruɓar da kayana."

Da shaidar kwalaben nan hukuma ta toshe magudanar wurin turakun. Maƙwabta kuwa, Allah ya biya su, ba su bar tukunyar marayu ta huce ba.

Amma rafin shiru har yau. Goggo wankau take yi da tsufanta, mai turaku kuma ko sannu bai zo ya ce ba. Ni dai, mai ba ku labarin nan, ba zan yi shiru ba sai ya biya ta.

Jama'a, kada ku zuba baƙin mai a ruwa, kada kuma ku ce ruwa lafiya don kun ga kifi. Ƙananan ne ke fara mutuwa, kuma abincin wani ne ke mutuwa tare da su.