Kwabon Ƙarƙashin Toka

Tana cikin ramin binciken kayan tarihi tana kankare toka da ɗan cokalin haƙa sai kwabon tagulla ya ɓullo. Ta murza shi da yatsa, ta karanta shekarar da aka buga shi, ta sake karantawa.

Littafin da ya ɗaukaka malaminta cewa ya yi gobara ta cinye wannan unguwa ta tsohuwar Alƙahira a ƙarshen mulkin Banu Umayya. Ga kwabo kwance ƙarƙashin tokar, bugun shekara sittin bayan nan. Ke nan littafin ya yi kuskure. Kuma malamin ne zai sa hannu a kundin digirinta.

Dattijon da ke shugabantar masu haƙa ya leƙo ramin. "'Yata, jefa shi aljihu. Ƙasa ba ta tsegumi. Kada ki zubar da wahalar shekara huɗu."

"Baba, in na ɓoye, me na zo koya?"

Ba ta rufe baki ba malamin ya iso. "Me kuka samu kuke ƙus-ƙus?"

Ta miƙa masa kwabon. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana juya kwabon. Masu haƙa suka ajiye kwanduna.

Can ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihunsa, ya warware. Kwabo ne a ciki, irin nata sak.

"A ramin can na tsince shi, mako guda bayan fitowar littafina," in ji shi. "Shekara ashirin da shida ke nan."

Ya zuba mata su biyun a tafin hannu. "Rubuta su a rahoto, 'yata. Ki fara da nawa."