Dogon Tunanin Kawu Dobrivoye

Kyamara ɗaya tal gidan talabijin na garinmu yake da ita a wancan lokacin. Ranar Asabar ɗin da nake magana an kafa ta a zauren 'yan kwana-kwana, an saita ta a kan allon ces, darar nan ta Turawa mai doki da sarauniya da sojoji, mai ɗaukar hoton ya wuce bikin 'yar ƙanwarsa. Shekarar ta ɓace mini. Na dai san kakar barkono ce, don kowane gida gashinsa ake yi a tsakar gida.

Velimir, tsohon malamin labarin ƙasa, shi ke gabatar da shirin dara tun gashin kansa na baƙi. Shugabar gidan, Yagoda, ta riga ta gaya masa cewa wannan karawa ce damarsa ta ƙarshe. In mutane ba su kalla ba, za ta ba da lokacinsa ga wata mata mai duba a gindin kofin gahawa. Ta ce a iya saninta matarsa kaɗai ke kunna shirin, ita ma don ta san lokacin ɗora tukunya.

Karawar kuwa tsakanin gwanin garinmu ce, Kawu Dobrivoye, mai kantin magani da ya yi ritaya, da wani likitan haƙori daga tsallaken iyakar Hangare. Tibor ne sunansa, in ban haɗa shi da wani ba. Zauren ba kowa sai alƙalin wasa, don can ba a sayar da abin sha. Velimir yana ɗakin watsa shiri a ɗaya gefen gari, yana ganin abin da kowa ke gani a gida: kawuna biyu masu sanƙo, allo, da ƙatuwar kwalbar ruwan kamfanin da ya ɗauki nauyin gasar, wadda aka girke daidai gaban agogon wasa.

Ba a yi nisa ba Kawu Dobrivoye ya ɗaga hannu a kan dokinsa, ya tsaya.

Velimir ya bayyana abin da zai faru in dokin ya yi hagu. Ya bayyana abin da zai faru in ya yi dama. Hannun bai sauka ba. Da bayani ya ƙare masa sai ya rage murya kamar mai magana a gefen gawa, ya ce irin wannan shiru, sarauniyar wani ce za ta mutu. Daga nan ya shiga lissafa kogunan Hangare, don ba shi da sauran abin faɗa.

A mashayar Stanoye talabijin na kunne ne kawai don an rasa rimot. Wanzami ne ya fara lura. Ya ce jama'a su duba, hannun tsohon nan ko rawa ba ya yi.

"Hannun da ke zubar mini da rabin maganin tari a kan tebur?" in ji direban bas.

"Kai bai tsane ka sosai ba ne, maƙwabci. Wannan kuwa ɗan Hangare ne," in ji wanzamin.

Likitan dabbobi ya ce aikin giyar nan ce da muke kira rakiya, ta gida, mai ƙarfafa jijiya. Wani ya ce ai shi ma ɗan Hangaren ya sandare don tsoro, ko numfashin kirki ya kasa yi. Aka tura kujeru gaba. Mutanen da ba su san doki da soja ba suka fara rantsuwa cewa tun farko sun hango tarkon.

Labari ya bi layi-layi. Mata suka bar barkono yana ƙonewa. Fadan cocinmu ya gajarta addu'ar yamma har tsofaffin mata suka yi gunaguni, sannan suka bi shi. A wurin biki an tsayar da makaɗa, amarya na fushi, mai ɗaukar hoto kuwa yana nuna wa dangi akwatin talabijin yana cewa su ga aiki, hoto ko gezau.

Wayar gidan talabijin, wadda a da masu ƙorafi kaɗai ke kira, ta yi ta ƙara ba hutawa. Yagoda ta buɗe ƙofar ɗakin watsa shiri a hankali, takalmanta a hannu. Ta raɗa wa Velimir cewa shirinsa ya zauna daram, za ma a mayar da shi bayan labarai, mai duba kuwa ta leƙa kofinta ta nemi wani aiki.

"Abu ɗaya, Velimir," ta ce. "Kar ka bari ya motsa."

Velimir ya share ido da gefen hannun riga. Ya gaya wa gari cewa shekaru yana faɗa ba a yarda ba, yau ga shi sun gani: babu abin da ya kai mutum mai tunani daɗin kallo.

A mashaya babu wurin sa ƙafa. Rana ta karkata. Ƙofar baya ta wajen kicin ta buɗe, tsofaffi biyu suka shigo, takalmansu da taɓon bakin kogi. Na gaban ya ce a ba su miyar wake kwano biyu, da burodi mai yawa.

Stanoye ko waiwayowa bai yi ba.

"Rufe mana baki, tsoho. Kawu Dobrivoye na tunani."

Tsohon ya rufe. Ya ja wa baƙonsa kujera suka zauna a bayan jama'a. Tun da rana, jim kaɗan bayan hoton ya daskare a talabijin, shi da Tibor suka yi canjaras, suka sallami alƙali, suka tafi kallon masunta. Kawu Dobrivoye ya gyara tabarau ya ɗaga kai, shi ma yana so ya ga inda zai kai dokin nan.