Akuyar Kaka a Hoton Suna

Tunda ka ce kai ba ka yin abu sai ya fi na kowa, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani ma'aikacin ofis da son ɗaukar hoto ya shiga jininsa, har ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kyamarar zamani, irin wadda aka ce babu madubi a cikinta, ba ta ƙara, ba ta nauyi, sai tsada. Tun daga ranar 'yan majalisarsu ba su sake samun sakat ba. Ana zancen ƙwallo zai sako kyamara, wurin ta'aziyya ma in ba a yi hankali ba sai ya sako ta. Abin da ya fi fasa masa kai wata dabara ce da take da ita: da kanta take lalubo idon wanda za a ɗauka ta kafe a kai, fuskarsa ta fito tas, duk abin da ke gaba da baya kuwa ya narke ya zama dishi-dishi. Ana saita ta a kan idon mutum, ana kuma saita ta a kan idon dabba da tsuntsu. Da bawan Allahn nan ya rasa mai tsaya masa, don matarsa cikinta ya tsufa ta ce ta gaji, sai ya juya saitin zuwa na dabba, ya koma ɗaukar tantabarun maƙwabcinsa.

Da matar ta haihu, kakarsa ta zo suna daga ƙauye, janye da 'yar akuya da ta kawo a yi wa jariri kiwo. Tsohuwar nan tunda take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, cewa take hoto na masu haƙora ne. Dangi sun yi har sun gaji. Ran nan sai Allah ya ɗora shi a kanta. Bayan magiya da tsokana irin ta jika da kaka, ta ce, "To maigidan, sau ɗaya dai, albarkacin yaron nan. In ka kuskure kada ka sake nemana." Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da ita da jariri a cinya, ɗanta a dama, maijego a hagu, akuya kuma tana ɗaure a turke can gaba kaɗan. Dangi suka zaro wayoyi, ya daka musu tsawa kowa ya mayar da tasa, wai kada a ɓata tarihi da hoton waya. Daga nan ya shiga neman ƙari. Hoton da komai zai fito sarai bai ishe shi ba, shi wanda bango zai narke yake so, wanda za a gani a majalisa a yi tsit. Ya durƙusa, ya miƙe, ya cire gilashin gaban kyamarar ya ɗaura wani ƙato, ya murɗa nan ya murɗa can, ya sa a ja tabarma saboda rana, ya sa a mayar da ita inda take. Jariri ya tsala kuka, ƙafar tsohuwa ta sage. Da ya ga ta fara lalubar sandarta, sai ya leƙa a gurguje, ya ga alamar kama ido ta kawo kore, bai tsaya duba idon wa ba ya danna. Ya dubi ɗan allon bayan kyamarar cikin hasken rana ya ce ya yi. Washegari da sassafe kaka ta hau mota ta koma.

Sai da ya tara mutanen gida ya buɗe hoton a kwamfuta sannan aka ga aiki. Wallahi ba a taɓa yi wa akuya hoto irin wannan ba. Ta miƙo wuya ta gefe tana kallon duniya kamar ita ta haihu, gashin idonta ɗaya bayan ɗaya, ga dusa a leɓenta, har shi kansa mai hoton ana hango shi durƙushe a ƙwayar idonta. Mutane kuwa sun narke yadda ya roƙa, kaka ta zama wani dunƙule shuɗi, jariri ya zama curin auduga. Ashe tun ranar tantabaru bai mayar da saitin ba, kyamara kuwa ba ta san wata kaka ba, abin da aka ce ta nema shi ta nemo.

Ya wanke hoton ya bi kaka har ƙauye, kyamara a wuya, ko za ta tausaya masa ya sake ɗaukar ta. Ta karɓa, ta kai shi daf da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kai, akuyar nan ta yi kyau! Ni kuma ai na riga na gaya maka." Haka ya dawo bai samu ya sake ɗaukar ta ba. Kafin damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa, abin kuma ya yi masa ciwo ƙwarai, don duk dangin babu mai wani hotonta sai wannan. Yana nan rataye a falonsa har yau. Yaron ya yi wayo, in baƙo ya tambaye shi ina kakar babansa, sai ya ɗora yatsa a kan akuya.

Da mutumin nan ya bar masu waya sun ɗauka, ko ya haƙura da hoton da kowa zai fito, da yanzu fuskar tsohuwa tana gidan kowa. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.