Tsagar da Mode Ya Rufe

Kyauta na cika tulu a bakin gulbin Rima, kusa da Goronyo, sa'ad da Mode ya iso da rawani naɗe har bisa kunci. Shekara uku ya yi yana aikin kuza a Jos, yanzu ya dawo neman aurenta. Ta amsa sallamarsa a daƙile.

Ta ce, "An ce can Jos Basakkwace kaka kiran kanka."

"Haka Bature ka kiran duk mutanen lardinga, Kyauta."

"Bature na yah haihe ka? Warware rawanin in gani."

Ya warware. Ga tsagar Gobirawa nan daga gefen baki har kunne, irin wadda ke kuncinta.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Dariya suka yi min can."

Zuciyarta ta tafasa. Ta ɗora tulun a ka, ta juyo masa da kuncinta sosai.

"To ni Bagobira ta, ga tawa nan. In ka kai ni Jos, Mode, da mi za ka ruhe ni?"

Ta wuce ta bar shi da rawani a hannu.